Yadda Za Ka Ɓoye Gilashi a Cikin Ido Ka Ce Karas Ne Ya Warkar da Kai

Kai da tabarau ya yi wa kanta a karan hanci, matso kusa. Ƙara matsowa, na san daga nan ba ka gani sosai. Yau za a koya maka yadda ake ajiye tabarau, a koma ga ɗan gilashin nan mai laushi da ake mannawa a kan ƙwayar ido, sannan a fito layi a ce ido ya warke da kansa. Hanyar tabbatacciya ce. An gwada ta a kan mutum mai rai, kuma har yau yana nan da idanunsa biyu. Ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari cikin wata guda za ka ga abin da ba ka taɓa gani ba.

Wanda aka yi gwajin a kansa mai gyaran agogo ne. Shagonsa ɗan tsukut ne, tebur ɗaya, benci ɗaya, da tsohon agogon bango a saman ƙofa. A damansa shagon Tela, a hagunsa teburin mai kayan lambu. Ni kuwa da nake koya maka, ko kwalli ban taɓa bari ya kusanci idona ba, shi ya sa hankalina yake kwance har nake iya ba da shawara.

Mataki na ɗaya: Samo wanda ya ɓata maka rai

Babu mai tura yatsa cikin idonsa haka kawai. Sai da dalili, kuma dalilin da ya fi ƙarko shi ne maƙwabci mai baki.

Mai Agogo ya samu nasa a sauƙaƙe. Tun ranar da ya buɗe shago, shekara ashirin ke nan, Tela ya dubi kaurin tabaransa ya raɗa masa suna Gindin Kwalba. Ya yi fushi, sunan ya zauna. Ya yi dariya don a ga bai damu ba, sunan ya ƙara gyara zama. A haka ya haƙura, har ranar da wani dattijo baƙo ya shigo da agogon hannu, ya rusuna cikin ladabi ya ce, "Sannu da aiki, Malam Gindin Kwalba. An ce kai ne gwanin layin nan."

Bawan Allah ya ɗauka sunan yanka ne. Daga shagon Tela aka ji keken ɗinki ya tsaya cak, sai dariya har da buga tebur. Ran Mai Agogo ya ɓaci ƙwarai, ɓacin da bai taɓa yi ba. Kai ma ka jira irin wannan ranar, kada ka yi gaggawa.

Mataki na biyu: Je wurin likitar ido, ka yi ta gyaɗa kai

Za ta auna ka, ta ba ka gilasan a ɗan mazubi mai murfi biyu, kowanne yana iyo a cikin ruwan magani. Ba su fi ɓawon albasa kauri ba. Daga nan za ta fara jero dokoki: a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa, kada a wanke su da ruwan famfo balle yawu, kada a yi barci da su, kada a murza ido, a fara da awa huɗu a rana kafin ido ya saba, in ido ya yi ja a cire a dawo asibiti.

Aikinka a nan shi ne ka ce "to, likita" bayan kowace doka, ka bar maganar ta shiga ta kunnen dama ta fice ta hagu. Haka Mai Agogo ya yi. Har da ta ce masa, "Malam, shekarunka sun ja. In ka sa waɗannan za ka ga nesa tar, amma kusa zai ba ka wahala. Ga aikinka kuwa, sai ka haɗa da ɗan tabaran karatu," sai ya ce, "To, likita," yana kallon ƙofa. Mutumin da ya zo gudun tabarau ana yi masa zancen wani tabaran!

Mataki na uku: Sa shi a ido (ware awa biyu, ka sallami baƙi)

Ka ɗora shi a kan yatsa, ka buɗe ido, ka manna. A baki ke nan. A aikace, fatar idonka tana da nata ra'ayin, kuma ba ta halarci zaman da kuka yi da likita ba.

Mai Agogo mutum ne da yake ɗaura kusar da ba ta kai ƙwayar yashi ba, hannunsa ko rawa ba ya yi. Amma wanzami ba ya son jarfa. Da yatsan ya doso, sai idon ya rufe ruf. Gilashin ya manne a kunci. Aka sake, ya manne a gira. A karo na bakwai ya ɓace gaba ɗaya, shi da matarsa suka yi ta rarrafe a tsakar ɗaki, daga ƙarshe ta gano shi a gemunsa yana ƙyalli.

Da abin ya ishe shi sai ya koma ga abin da ya sani. Ya buɗe jakar aiki ya ɗauko hantsakin da yake tsintar kusoshi.

"Malam, me za ka yi da wannan?" in ji matarsa.

"Yatsa ya yi girma. Aikin nan na hantsaki ne."

Ta fizge hantsakin ta jefa a aljihun zanenta. "Idon naka ba murfin agogo ba ne. In ka tsone shi ba a sayar da wani a kasuwa."

Da ƙyar da jiɓin goshi suka shiga, na dama sannan na hagu. A nan ga gargaɗi na musamman. Tabarau mai kauri yana rage girman abubuwa, don haka ranar farko komai zai yi maka girma: ƙofa, kujera, mutane. Ka kama bakinka. Mai Agogo bai kama nasa ba. Ya dubi matarsa sama da ƙasa ya ce, "Ikon Allah! Ashe kin kai haka?" Ranar dai da kansa ya zuba abincinsa.

Mataki na huɗu: Zaɓi ƙarya marar nauyi

Kada ka ce addu'a ce, za a nemi ka koyar. Kada ka ce aiki aka yi maka, za a tambayi asibitin. Nemi abin da kowa ya taɓa jin ana cewa yana gyara ido.

Mai Agogo ya iso layi da fuska fayau, sai kanta biyu a karan hanci. Tela ya leƙo, almakashi a hannu.

"Gindin Kwalba, ina kwalbar? Ta fashe ne?"

"Na warke."

"Ka me?"

"Na warke, na ce. Karanta mini lambar motar can ta bakin titi."

Tela ya ƙanƙance ido, ya kasa. Mai Agogo ya karanta ta tiryan-tiryan, har da rubutun da ke jikin gilashin baya. Daɗin da ya ji a lokacin, ko ranar da ya buɗe shago bai ji irinsa ba.

"Da me ka warke?" in ji Tela, murya ta yi ƙasa.

Idon Mai Agogo ya faɗa kan teburin maƙwabcinsa na hagu. "Karas," ya ce. "Uku da safe, uku da yamma. A tauna da kyau."

Kafin la'asar karas ya ƙare a teburin. Abin da Mai Agogo bai lura da shi ba shi ne 'yarsa Auta, 'yar shekara tara, wadda kullum in an tashi makaranta take zama a bencin shagon tana aikin gida, hancinta kusan yana taɓa littafi. Ta ɗago kai ta saurari komai. Kai ma kada ka lura, lura tana ɓata shiri.

Mataki na biyar: Koyi yin hawaye cikin mutunci

Likita ta ce awa huɗu. Kai mai warkewa ne, ba ka da damar komawa tabarau da azahar, don haka ka yi sha biyu.

Wajen ƙarfe goma za ka ji kamar an zuba maka tsakuwa ɗaya a ido. Da azahar ta haihu. Fankar shago, wadda kuka yi shekaru kuna zaman lafiya, za ta zama abokiyar gaba, tana busar da idon kamar an shanya shi a igiya. Ka kashe ta, zufa ta gangaro ta shiga. Ka kunna, ta ci gaba da aikinta. Hayaƙin janaretan Tela kuma ya san hanyar shagonka ba sai an yi masa kwatance ba.

Ƙaiƙayi zai zo, kuma an hana ka murzawa. Ka zauna a kan hannuwanka. Ka yi ta ƙifta ido kamar mai jin kunyar surukai. In aka tambaye ka me ya sa idonka ya yi ja yana zubar da ruwa, ka ce, "Ciwon ne yake fita." Mai Agogo ya faɗi haka, Tela ya gyaɗa kai ya ƙara sayen karas.

Akwai maganin ɗigawa da ke sanyaya ido, amma dole ka ɓoye shi. Mai Agogo ya ɓoye nasa a inda babu mai zargi, cikin jerin 'yan kwalaben man agogo, har ya ɓare takardar jikinsa don ya saje. Ya saje kuwa. Ranar Laraba ya buɗe agogon wani direba, ya ɗiga masa maganin ido har sau uku a kan ƙafafun injin. Agogon ya yi tafiyar minti goma ya tsaya. Ka gode wa Allah da kuskuren bai juya ta ɗaya ɓangaren ba, shi ma ya gode.

Mataki na shida: In kusa ta gagara, yi aiki da ido ɗaya

Ga wani sirri da Mai Agogo kansa bai san yana da shi ba sai da ya rasa. Duk shekarun nan, in aiki ya yi ƙanƙanta, tura tabaran yake yi goshi, ya kawo agogon dab da hanci. A wannan tazarar idonsa tsirara ya fi na kowa a layin, yana ganin ƙurar da ke tsakanin haƙoran injin. Wannan idon da ake yi wa dariya shi ne jarinsa.

Gilashin cikin ido kuwa ba a tura shi goshi. Yanzu yana iya ƙirga tsuntsayen da ke kan wayar lantarki, amma kusar da ke tafin hannunsa ta zama dishi-dishi. Garin neman gira an rasa ido. Agogunan mutane suka taru a tebur, kowanne ciki a buɗe.

Dabarar ita ce ka sunkuya ƙarƙashin tebur kamar abu ya faɗi, ka cire na hagu ka mayar mazubi. Hagu na aiki, dama na duniya. In za ka duba agogo ka rufe dama, in za ka dubi mutum ka rufe hagu. Matsalar kawai, mutane ba su san tsarin ba. Wata mata ta kawo agogon mijinta a sa batir, ta yi sallama, Mai Agogo ya ɗago ya kashe mata ido ɗaya.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya," ya ce, ya duba agogon, ya sake ɗagowa ya kashe mata ido.

Ta tattara agogonta ta fita tana cewa an lalace, har masu furfura. Da yamma mijin ya zo da kansa, kuma ba batir ya zo nema ba. Sai da Tela ya shiga tsakani ya rantse cewa ciwon ne yake fita.

Mataki na bakwai: Kada ka bari labarin ya bi ka gida

Wannan matakin Mai Agogo ya faɗi, kuma ban ga laifinsa sosai ba, domin labarin a bencin shagonsa yake zaune.

A sati na uku malamar su Auta ta aiko da takarda: yarinyar ba ta ganin allo. Tana da kai, amma sai ta kwafi tambaya ba daidai ba, ta zauna ta amsa tambayar da ba a yi ba. Ranar Litinin za a fara jarrabawar ƙarshen shekara, a allo ake rubuta tambayoyin, kuma in aka ci gaba a haka za ta maimaita aji. Uwar ta kai ta wurin likitar nan dai, aka yanka mata ɗan tabarau mai jan firam.

Auta ta sa shi a asibiti don likita na kallo. Suna fita ta cire, ta tura shi cikin safa, ta cusa a ƙasan jaka. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ta ƙi. Uwar ta kama tafin hannunta ta ga ya fara yin ruwan ɗorawa. Ashe kuɗin tararta duk a teburin mai kayan lambu yake ƙarewa.

"Ga aikinka nan," in ji matar, ta tura yarinyar gabansa. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai ka san yadda za ka yi."

Mai Agogo ya zaunar da ita, idonsa na dama yana zuba. Ya ɗauko hanyar da ba sai ya tona kansa ba.

"Auta, ki sa tabaran nan. Na yara daban ne, karas ba ya kama yara da wuri."

"Zan ƙara yawa, Baba. Ina cin takwas yanzu."

"Ki sa dai zuwa bayan jarrabawa."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar jaka. "In na sa, 'yan ajinmu za su ce 'yar Gindin Kwalba. Kai ma ai ba ka so, shi ya sa ka warke. Ni ma zan warke irin naka."

Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta kama shi ba ko ranar da mijin matar nan mai neman batir ya zo. Shawarata a nan ita ce ka yi tari, ka ce ana jiranka a waje. Haka ya yi, kuma Asabar da Lahadi duka bai iya haɗa ido da yarinyar ba, da na hagun da na daman.

Mataki na takwas: In ta kwaɓe, a yi ta a gaban jama'a

Ranar Litinin da safe ya ce shi zai raka ta makaranta, amma su biya ta shago. Tela yana bakin ƙofarsa yana gurgurar karas. Mai kayan lambu yana jera sabon buhu, don tun da aka fara wannan harka sau biyu yake sari.

Mai Agogo ya ɗebo ruwa a buta, ya wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu, karo na farko da ya bi dokar likita yadda ta faɗa. Ya ce, "Auta, zo ki tsaya nan. Tela, kai ma matso."

Ya buɗe ido ya tsinto gilashin dama, ya tsinto na hagu, ya ɗora ɗaya a kan yatsa ya miƙa a gabansu.

"Ga karas ɗin."

Tela ya kawo fuska kusa, ya ja da baya, ya sake kawowa. "Mene ne wannan?"

"Tabarau ne. A cikin ido ake sa shi. Ban warke ba, Auta. Ƙarya na yi don na gaji da sunan. Idon nan da shi aka haife ni, da shi na ciyar da ku, kuma ko agogo ɗaya ban gyara da kyau ba tun da na ɓoye shi."

Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko tsohon tabaran, ya hura masa iska ya goge da gefen riga, ya ɗora shi a kan kantarsa. Ya juya ga Tela ya ce, "To, faɗi. Na san yana bakinka."

Tela ya dubi guntun karas ɗin da ke hannunsa. "Sati uku," ya ce. "Sati uku ina cin abin nan kamar zomo. Ka san rabon da in zura zare a allura da kaina? Matata nake kai wa gida ta zura mini goma-goma." Ya yi jifa da guntun. "Allah ya isa tsakanina da kai, Gindin Kwalba. Ina asibitin yake?"

Auta ta durƙusa ta buɗe jaka, ta zaro safar, ta zazzage ɗan jan tabaran. Ta sa shi a karkace, uban ya gyara mata a bayan kunne. Ta dubi titi, ta dubi Tela, sannan ta ɗaga kai ta dubi agogon bangon da ta yi shekara uku tana aikin gida a ƙarƙashinsa. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, yaushe ka sa masa hannu na uku? Ɗan siririn nan mai gudu?"

Hannun daƙiƙa take nufi. Mai Agogo ya dubi agogon, ya dubi 'yarsa.

"Tun kafin a haife ki yake nan," ya ce.

Idonsa ya cika, kuma fanka a kashe take, janaretan Tela ma ba a tayar ba. Ya kama hannunta ya ce su yi sauri, saura minti goma sha biyu a kaɗa ƙararrawa. Ta ce sha ɗaya da rabi, tana gani.

Sanarwar wanke hannu

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin jan ido, ƙaiƙayi, agogon da ya sha maganin ɗigawa, ko mijin da ya zo neman bayani. Gilashin cikin ido ma ba shi da laifi. Mai Agogo ya koma wurin likita ya saurare ta da kunne biyu, yanzu yana sa shi ranar hutu, awa huɗu, hannu a wanke, kuma ko ƙwalla ba ya yi. Auta ta wuce aji. An kira ta 'yar Gindin Kwalba sau biyu, ta ce eh, babanta ne, aka rasa abin ƙarawa.

Duk wanda ya riga ya sayi karas, ya cinye abinsa, yana da amfani, sai dai ba ya karanta allo. Mai kayan lambu yana neman wanda zai karɓi buhu ɗaya da rabi, kada a turo shi wurina. Tela kuma an yanka masa nasa tabaran ranar Alhamis, kaurinsa ba laifi. Mai Agogo ya ce shi ba zai raɗa masa suna ba, ya bar wa Auta, kuma ta ce tana nan tana duba shi da kyau tukuna.